Allo Daga Ɓangaren Baba

Litinin, 6 ga Oktoba

Yau ma da na kai wa Baba shayi, ko gaisuwata bai gama amsawa ba ya ce, "An rubuta wani abu?"

Bari in zuba shi a takarda tun daga farko, don kaina ya fara ɗaukar zafi. Wata biyu ke nan da littafin Baba ya fito. Na wasan ces ne, darar nan mai sarki da doki, kuma ba ma duka wasan ba, dakaru kawai, 'yan ƙananan nan takwas da ake jerawa a gaba. Yadda suke tsayuwa, yadda suke kare juna, wanne ne ya zama maraya, wanne ne ya goyi ɗan'uwansa. Shafi ɗari da sittin a kan wannan kaɗai! Shekara goma sha ɗaya yana rubuta shi a littattafan 'yan makaranta tun da ya bar aikin gidan waya, yana zana allo da rula da fensir, har idon ya ƙare gaba ɗaya. Ni na buga masa a kwamfuta. Ni na shigar da zane casa'in da shida ɗaya bayan ɗaya, ni na kai wa mai ɗab'i. Ni ɗin nan da a ofis in takarda ta fito daga hannuna shugaba ba ya ko dubawa yake sa hannu.

Shagon da ke sayar da littafin a intanet yana da wurin da masu karatu ke faɗin ra'ayinsu, su ba da tauraro ɗaya zuwa biyar. Yaya ne ya gaya masa haka a waya, Allah ya shirya Yaya da bakinsa. Tun ranar Baba bai sake samun sukuni ba. Shi ba ya gani, kuma tun rasuwar Umma daga ni sai shi a gidan, don haka ni ce mai dubawa.

Na ce masa ba a rubuta komai ba tukuna. An rubuta. Guda uku.

Talata, 7 ga Oktoba

Na kwafe su a nan don in daina buɗe shafin sau goma a rana.

Tauraro ɗaya: "Na jera allo yadda zane ya nuna, na bi abin da aka rubuta, gidan da aka ce dakare yana ciki babu kowa. Na gwada zane biyar. Na haƙura."

Tauraro ɗaya: "Marubucin nan ya taɓa zama gaban allo kuwa?"

Tauraro biyu: "Takardar tana da kyau."

Na ukun nan ya fi ƙona min rai. Na biyun kuwa da zan gan shi da ya ji daga bakina. Mutumin da ya shekara arba'in a gaban allo, wanda Umma ta sha cewa da allon yana dafa abinci da tuni an sallame ta. Mutane dai ba su da aiki. Wanda bai iya ba sai ya ce littafi ne bai iya ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na yi ƙarya. Kwana huɗu yana tambaya, na gaji da ganin yadda yake sauke kai in na ce babu. Na ce wani ya ba da tauraro biyar, ya ce littafin ya amfane shi ƙwarai.

Ya ajiye kofin. "Wane babi?"

Na ce duka.

"Wanda ya ce duka bai karanta ba," in ji shi. Amma ya cinye biredinsa tas, abin da ya kwana biyu bai yi ba.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na raka shi wurin wasa kamar kowace Asabar, ɗakin nan na bayan shagon Mai Agogo mai warin man inji da tsohuwar darduma. Su shida ne yau. Baba ya zauna, ya lalubi allon, ya juya shi kamar yadda ya saba ya ba Mai Agogo fararen 'ya'yan wasan ya riƙe baƙaƙe. Yanzu da hannu yake wasa, abokin ya faɗi gidan da ya je, shi kuma ya shafa ya tabbatar. Ni na zauna a benci ina duba waya, don wallahi wasan nan barci yake sa ni.

Ya ba su labarin mai tauraro biyar. Da murna, har da gyara hula. Wani ya shiga tari. Mai Agogo ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau, na sha jinin jikina.

Da za mu fito ya riƙe ni a bakin ƙofa. "'Yata, ki biyo ta nan ranar Laraba in kin tashi aiki. Ke kaɗai. Ki zo da littafin da kuma na hannun babanki."

Lahadi, 12 ga Oktoba

Sun zama biyar. Ban karanta sababbin ba, na dai ga taurarin.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ni ce.

Bari in rubuta yadda ya nuna min. Mai Agogo ya ture agogunan da ke kan tebur gefe, ya buɗe zanen farko na hannun Baba, ya buɗe nawa na cikin littafi, ya ajiye su kusa da kusa. Na ce ai ga shi nan, iri ɗaya ne sak, ko ɗigo ban canza ba. Ya ce shi ne matsalar.

Baba bai taɓa ɗaukar farare ba. Duk wanda ya zauna gabansa shi yake bar wa su, wai baƙo ne ke fara tafiya. Shekara arba'in daga ɓangaren baƙi yake kallon allo, kuma haka ya zana duk allunansa, baƙaƙe a ƙasa wajen ƙirjinsa. Bai sa haruffa da lambobin da ke ba kowane gida suna a gefe ba, don shi a kansa suke. Ni kuma manhajar da na yi aiki da ita tana sa su da kanta, a jere yadda mai farare ke gani. Na zuba dakarun yadda na gan su, na bar mata haruffanta. Har na ji daɗi a lokacin, na ce ga allo ya fito tsaf kamar na littattafan gaske. Saboda haka duk gidan da Baba ya ambata a rubutu, a zanen yana can ɗaya kusurwar.

Na ce guda nawa ne haka? Ya ce, "Nawa kika shigar?"

Shi ma sai makon jiya ya gani. Tun da aka ba shi kwafinsa ya ɗora a kanta bai buɗe ba, don a cewarsa babu shafin da bai ji daga bakin Baba sau ɗari ba. Sai da wani ɗan ɗakin ya kawo ƙorafi.

Na ce, "Kawu, me zan yi?" Ya ɗauki wani agogo ya kara a kunne ya daɗe. Ya ce shi agogo ya iya gyarawa.

A mota na wuce inda zan sauka ban sani ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na je wurin mai ɗab'i a lokacin hutun rana. Ya saurare ni yana cin gyaɗa. Ya jawo fayil ya nuna min takardar amincewa, ga sa hannuna nan a ƙasa, mai kyau, har da 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe. Ya ce su abin da aka ba su suke bugawa, ko allo ne ko hoton akuya. In ana son sabo sai a shiga layi, kuma layin ya kai tsakiyar shekara mai zuwa. Ya ƙara da cewa ai takardar ta yi kyau. Saura kaɗan in kifa masa kwanon gyaɗar a ka.

Na rubuta wa shagon intanet na roƙi su cire ra'ayoyin, na yi bayani dalla-dalla. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, irin wadda ba mutum ne ya rubuta ba. Ba sa cire ra'ayin wanda ya sayi kaya.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na kira Yaya na gaya masa. Ya yi dariya, sai kuma ya tuna ba abin dariya ba ne. "Kada ki faɗa masa. Mutum nawa ne ma za su karanta? Ki bar tsoho ya huta." Shi da ke can garin da sai an kwana a hanya, sauƙi gare shi. Ba shi ke kai shayi da safe ba.

Katan-katan ɗin littafin suna nan a baranda, kwafi ɗari biyu da goma sha biyu da ba su fita ba. Kullum sai na yi tuntuɓe da su. Baba in zai wuce sai ya ɗan dafa na sama.

Talata, 21 ga Oktoba

Ƙaryar ta yi ƙafa. Ya matsa min da tambayar ko wane ne mai tauraro biyar, na ce wani malamin makaranta ne. Daga ina na samo malamin makaranta, oho. Yau da safe na ƙara masa wata mata da ta ce tana koya wa mijinta da littafin, don na ga malamin shi kaɗai ya fara tsufa.

Matsalata ba zan iya ƙirƙiro abin da mai ilimin wasan zai faɗa ba. "Ya yi kyau." "Ya burge ni." "Allah ya ƙara basira." Iyakata ke nan. Baba yana saurare, kansa a karkace, yana jiran wani abu da ba ni da shi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ya sa na ɗauko biro. Wasiƙa ce zuwa ga malamin makaranta. Kwana uku ashe yana shirya ta a kansa. Gaisuwa, godiya, sannan tambaya a kan marayan dakare, wato wanda ba shi da ɗan'uwa a layin dama ko na hagu: yaushe ne yake zama ƙarfi, yaushe yake zama nauyi? Ya ce in malamin ya karanta babi na huɗu zai sani. "Ki tura masa yau. Kada ki gyara min komai."

Na rubuta, na ninke, na sa a jaka. Tana nan.

Da yamma na kai wa Mai Agogo, na ce ya taimaka ya ba ni amsa ko layi biyu ne in karanta wa Baba. Ko karɓar takardar bai yi ba. "Ba zan taya ki yi masa ƙarya ba, 'yata. Ba kuma zan faɗa masa ba. Wannan naki ne." Na ce to ni in yi yaya? Ya ce in gaida Baba.

Lahadi, 26 ga Oktoba

"Malam ya amsa?" Bai amsa ba, Baba. Wataƙila jarrabawa suke.

Litinin, 27 ga Oktoba

Sabon ra'ayi. A ofis na gani, na tashi na shiga banɗaki na kulle.

Tauraro uku: "Ga masu cewa littafin shirme ne: ku soke haruffa da lambobin gefen allo ku rubuta su a juye, komai zai zauna daidai. Marubucin daga ɓangaren baƙi yake kallo. Na yi haka na karanta har babi na shida. Abin da ya faɗa a babi na huɗu, cewa marayan dakare ba shi ake tsoro ba, gidan da ke gabansa ake tsoro, na shekara ina rasa wasa a kansa ban gane ba sai yanzu. Wannan mutum ya san abin da yake yi. Wanda ya shirya masa zanen ne bai san wasan ba, kuma ya cuce shi."

Na karanta ya fi sau ashirin. Wannan shi ne abin da Baba ke karkata kai yana jira. Mutum na gaske, wanda ya zauna ya jera allo, ya gane. Kuma ba yadda zan karanta masa ba tare da na karanta kaina a ciki ba. Na gwada a raina in yanke farko da ƙarshe in bar tsakiya. To tauraro uku fa? Sai ya tambayi ina sauran biyun suka tafi, na san shi. In na mai da su biyar kuma, na ƙara wata ƙaryar a kan magana ɗaya tilo ta gaskiya da aka yi masa.

Abokiyar aikina ta ƙwanƙwasa ta ce lafiya? Na ce ciwon ciki ne.

Talata, 28 ga Oktoba

Ban karanta masa ba.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Yau bai tambaya ba. Na ajiye shayin, na tsaya, na gyara labule, na sake tsayawa. Har na ce, "Baba, ba ka tambayi shafin ba." Ya ce in bar shi.

Can ya ce, ba da ni yake ba sosai, "Duk masu yabon nan babu wanda ya faɗi abu ɗaya da ke ciki. Kirki ne kawai irin na mutane. Malamin ma ya ga tambaya ya gudu." Ya shafa gefen kofin. Ya ce da ma ya sani, wa zai zauna karanta shafi ɗari da sittin a kan dakaru, Umma ta sha faɗa masa. Ya ce in samu mai awon takardu, mai sayen tsofaffi a kilo, ya kwashe katan-katan ɗin nan, suna tare hanya.

Na yi ta tunanin ƙaryar tana riƙe shi ne. Ashe ita ce ke gaya masa ba wanda ya karanta. Na fita aiki da takalmin wanka, sai a bakin titi na lura.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na faɗa.

Ya ce ba zai je wasa ba, jikinsa babu daɗi. Ƙarya ce, na san irinta. Na jawo kujera na zauna gabansa na ce akwai ra'ayin da ya zo tun Litinin ban karanta masa ba. Na karanta shi duka, da tauraro ukun, da layin ƙarshen.

Ya ce, "Maimaita wajen babi na huɗu." Na maimaita. Leɓensa na motsi yana bi. Sai da na ga fuskarsa a lokacin na san abin da na hana shi kwana biyar.

Sannan ya ce, "Wane zane yake nufi?" Na ce duka. "Casa'in da shidan?" Na ce e. Na yi masa bayanin manhajar yadda Mai Agogo ya yi min, na karanta masa sauran ra'ayoyin, har da mai tambayar ko ya taɓa zama gaban allo. Bai motsa ba.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba?"

Ni kuma, Allah ya yafe min, bakina ya riga ni. Na ce shi me ya sa bai rubuta a gefe ba? Wa ya ce masa kowa a kansa yake zaune? Shekara nawa ina kai shi ɗakin nan, ya taɓa cewa zo ki zauna in nuna miki? Yaya ya koya wa, Yaya da ko minti biyar ba ya iya zama. Ban san ma ina riƙe da wannan maganar ba sai da ta fito.

Can ya ce, "Malamin makarantar fa?"

Na ce babu shi.

"Matar?"

Ita ma.

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "Kwana uku na yi ina gyara masa tambayar nan." Ya miƙe ya lalubi bango ya shiga ɗaki. Ban bi shi ba. Da ya yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Yana amsa gaisuwa. Yana cin abinci rabi. Shi ke nan.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Har yanzu. Ya kunna rediyo ya bar ta a tashar da ba ta kamawa sosai, ban isa in ce a gyara ba. Yaya ya kira ya ce ai ya faɗa min. Na kashe wayar a kunnensa, in ya ga dama ya kai ƙara.

Mai awon takardu bai zo ba don ban kira shi ba. Baba kuma bai sake tada maganar ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na rasa abin yi da hannuna, sai na yi abin da na iya. Na buga haruffa da lambobi a juye a kan takardar sitika, siri-siri daidai gefen allo, na yanka da reza. Biyu a kowane zane, ɗaya a ƙasa ɗaya a gefe. Na yi lissafin yawan da ake bukata na kwafi ɗari biyu da goma sha biyu, na rufe kalkuletar na yi kamar ban gani ba. Waɗanda suka riga suka fita kuwa sun fita, ba ni da hanyar kai hannu gare su. Na dai rubuta a shafin, a ƙarƙashin mai tauraro uku, cewa gaskiya ya faɗa, kuma ni 'yar marubucin ce na shirya zanen. Ba wanda ya tanka.

Kwafi ɗaya ya cinye min yini guda.

Kuma yanzu ban yarda da kaina ba ko kaɗan. Na ɗauko tsohon allon da ke saman firji, na fara bin zanen ɗaya bayan ɗaya daga na farko, kowanne sai na jera shi, na bi rubutun taku bayan taku in ga ko dakaren yana inda aka ce. Mai Agogo ya rubuta min yadda sarki da doki da sauransu ke tafiya a bayan wata ambulan. Dokin nan mahaukaci ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Kwafi huɗu. Yatsuna duk gam.

A teburin falo nake yi in na dawo aiki, shi yana kujerarsa ta jikin taga. Na san yana jin ƙarar 'ya'yan a kan allo. Jiya na ajiye wani da ƙarfi don haushi, sai na ji ya ce, yana fuskantar taga, "Ba a buga su." Kalma huɗu. Na ce to.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Wani sabon tauraro ɗaya. "Ɓata lokaci." Na karanta masa da shayi ba tare da ya tambaya ba. Ya ce uhm.

Na kai babi na huɗu a dubawa. Wasiƙar malamin tana cikin jakata har yanzu, na kasa yarwa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Kwafi tara kacal cikin mako biyu. Da wannan tafiyar sai na yi furfura kafin baranda ta buɗe. Dubawar da nake da allo ce ke cin lokaci, amma ta kusa ƙarewa, saura zane biyar.

Tun shekaranjiya na maƙale a zane na casa'in da ɗaya. Farin dakare ne shi kaɗai a layin gefe yana gudu, baƙin sarki na bin sa. Rubutun ya ce sarki zai kamo shi a gidan ƙarshe. Na jera, na bi, bai kamo shi ba. Na ce to, na sake yin wata ɓarnar. Na ɓare sitikar na sake liƙawa. Na ɗauko littafin hannun Baba, na ƙarshen, wanda layukan suka fara hawa kan juna saboda ido. Na ƙirga gidajen da bakin fensir sau uku. Yadda ya zana haka na kwafa.

Na yi niyyar yin shiru. Mutumin da ƙyar yake ce min uhm. Amma yau da la'asar na ɗauki allon na ajiye a kan cinyarsa na ce, "Baba, na casa'in da ɗaya ba daidai yake ba, kuma wannan ba nawa ba ne."

Ya daɗe bai taɓa ba. Sannan ya sa hannu ya sami dakaren, ya sami sarkin, ya bi gidajen da ke tsakaninsu da yatsa.

"Wa ya gaya miki? Mai Agogo?"

Na ce ba kowa, ƙirgawa na yi. Dakaren taku huɗu yake bukata, sarkin biyar, kuma fari ne da tafiya.

"Ƙirga in ji."

Na kama hannunsa da dakaren a ciki muka tafi tare, ɗaya, shi kuma ya matsar da sarkin da ɗaya hannun, biyu, uku. A na huɗu dakaren ya shiga, sarkin yana can baya da gida guda bai kai ba. Ya riƙe shi a hannu yana juyawa. Ya ce gida ɗaya ya kauce, a nan kusa ya so ya sa shi, lokacin layin rula ya fara zame masa biyu. Ya ce mutum shida a ɗakin wasa sun ji wannan misalin daga bakinsa, mai tauraro uku kuma bai kai nan ba.

Sai ya ce, "Akwai wani?"

Na ce ban kai ƙarshe ba tukuna.

"To ki kai."

Ya juya fuska wajen taga, amma bai ba ni allon ba, kuma na ga yana goge ido da bayan hannu. Na ce bari in duba ruwan zafi, alhali ban ɗora komai ba.

Ba wai wasan ya shiga raina ba ne, aiki ne kawai nake so ya fita daidai. Na casa'in da biyu ma akwai wani taku da ban yarda da shi ba, amma wataƙila ni ce ban gane ba. Zan tambaye shi da safe.